Ba a fafe gora ranar tafiya: Yaushe ya kamata iyalai a Madawa, Buza da Keita su nemi tallafin gwamnati?

A watan Yuli ne wayoyin 'yan ci-ranin jihar Tawa suka fi yawan ƙara. Kira daga gida ne, kuma maganar kusan ɗaya ce ko'ina: rumbu ya ƙare, hatsin gona bai ko fitar da kai ba, farashin tiya ya hau a kasuwa. Sau da yawa akwai ƙarin bayani mai ciwo, wato motoci sun sauke buhuna a garin, an soma rabo, amma da aka karanta sunaye ba a ji na gidansu ba.

Ɗan da ke Abijan ko Legas ko Yamai sai ya shiga kiraye-kiraye, yana neman wanda ya san wani a ma'aikatar magajin gari. Yawanci wahalar banza ce, domin takardar da ake karantawa a ranar rabo an rubuta ta makonni ko watanni kafin nan, kuma sunan garin kansa ya shiga lissafin hukuma ne tun lokacin girbin bara.

Wannan shi ne abin da iyalai da dama a gundumomin Madawa, Buza da Keita ba su cika lura da shi ba. Tallafin gwamnati a Nijar yana da kalandarsa, kuma lokacin nemansa yakan zo ne sa'ad da ake ganin babu wata damuwa.

Yankin da mazansa ke tafiya a lokacin rajista

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa gundumomin uku na da mutum sama da miliyan ɗaya da dubu 300 idan aka haɗa su. Ƙasa ce ta duwatsu da fako da kwaruruka, inda noman hatsi da dawa da wake ya dogara ga damina ta wata uku zuwa huɗu. Masu fadama a kwarin Magiya da na Tarka suna ƙarawa da noman albasa a rani. Sauran kuwa, da zarar an ɗaure damma an zuba a rumbu, sai matasa da magidanta su kama hanyar Kwadibuwa, Najeriya, Libiya, Aljeriya ko manyan biranen ƙasar.

Wannan tafiya ta daɗe. Lokacin da aka soma babban aikin raya karkara na Keita a 1984, da kuɗin ƙasar Italiya da haɗin gwiwar hukumar FAO, a tsakiyar yunwar da ake kira El-Buhari, mata ne suka fi yawa cikin masu ɗaukar duwatsu da haƙa ramukan itatuwa, ana biyan su da abincin hukumar PAM. Maza sun tafi nema.

Har yau haka lamarin yake a garuruwa irin su Tamaske, Garhanga, Ibohaman, Karofan, Tabotaki, Allakai, Galma da Urno. Watannin da ma'aikata ke yawon tantance mabuƙata su ne watannin da maigida ba ya nan. Idan wadda aka bari a gida ba ta san abin da ake ciki ba, ko babu takarda a hannunta, gidan na iya faɗuwa daga lissafi ba tare da kowa ya yi masa mugunta ba.

Daga girbi zuwa rabo: yadda shekarar take tafiya

Hukumar da ke riƙe da wannan aiki ita ce ta rigakafi da magance matsalar ƙarancin cimaka, DNPGCA, wadda ke ƙarƙashin ofishin firaminista. A cikinta akwai sashen gargaɗi tun da wuri, SAP, da sashen da ke tsara agajin cimaka, CCA, da kuma sashen tallafin kuɗi ga marasa ƙarfi. Ofishin OPVN, wanda aka kafa a 1970, shi ke ajiye hatsin ƙasa a rumbunansa.

Matakin farko yana zuwa ne a ƙarshen damina, wajajen Satumba zuwa Nuwamba. Malaman gona na bin garuruwa suna ƙiyasta abin da aka samu, sannan a fitar da jerin garuruwan da suka yi giɓi, musamman waɗanda abin da suka girbe bai kai rabin buƙatarsu ba. Malaman dabbobi su ma suna auna ciyawar da ke daji. A nan ne maganar gari ke shiga takarda ko ta kasa shiga. Idan fari ya tsaya a tsakiyar damina, ko tsutsa ta cinye zangarniya, ko ruwa ya kwashe gonaki, wannan ne lokacin da ya kamata manoma su kai wa hakimi ko maigari rahoto, shi kuma ya isar ga malamin gona da ƙaramar hukuma.

A watan Nuwamba ƙwararrun gwamnati da na ƙungiyoyi ke zama su tattara bayanan a bisa ma'aunin bai-ɗaya na ƙasashen Sahel da Afirka ta Yamma, wanda ƙungiyar CILSS ke jagoranta. Ma'aunin na da mataki biyar, daga lafiya lau har zuwa yunwa mai kisa, kuma ana amfani da shi wajen hasashen yawan mutanen da za su buƙaci agaji tsakanin Yuni da Agusta na shekara mai zuwa. A watan Maris a sake zama a sabunta alƙaluman.

Daga wannan lissafi ne gwamnati ke fitar da shirin tallafi na shekara, galibi a farkon shekara, inda ake fayyace yankunan da za a kai wa ɗauki da irin ɗaukin. Ƙungiyoyin agaji su ma da shi suke aiki wajen raba wa junansu ƙananan hukumomi.

A rani da bazara ake buɗe aikin gandari, inda ake biyan mutane kuɗi ko abinci su haƙa rabin-wata da tassa, su jera duwatsu don farfaɗo da fako. A wannan tsakani ne kuma ake soma sayar da cimaka a farashi mai rahusa. Shekaru da dama ana sayar da buhu mai kilo 100 a kan jika 13, wato sefa 13,000, kuma ana aunawa da tiya domin mai ƙaramin ƙarfi ya iya saya. Makiyaya kan samu dusa da sauran abincin dabbobi a kan rangwame.

Sai daga Yuni zuwa Agusta ake rabon kyauta ga gidajen da aka tantance. Ma'aunin da aka saba amfani da shi shi ne buhu mai kilo 100 ga gida mai mutum bakwai a wata. Tantancewar kuwa ana yin ta ne kafin buhunan su iso.

Ba takardar neman taimako ake rubutawa ba

Wanda ya zauna a Turai ko ya saba da harkar ofis a birni zai ɗauka cewa akwai fom da ake cikawa a kai wa wani ma'aikaci. A yawancin shirye-shiryen karkara babu wannan. Yanki ake fara zaɓa, sannan gari, sannan gida.

Hanyar da aka fi bi wajen agajin damina ita ce a tara mutanen gari a dandali, a amince da alamomin da ke bambanta gida da gida: yawan dabbobi, girman gona, watannin da abin da aka noma ke kai iyali, da ko maigida na yin ƙwadago a gonar wani kafin ya ci. Da waɗannan ake kasa gidaje kashi huɗu, daga masu tsananin talauci zuwa masu hali. Ana kafa kwamitin tantancewa daga cikin mutanen garin, a kuma kafa na karɓar ƙorafi, sannan a karanta sunaye a bainar jama'a.

Ranar wannan taro ita ce ranar neman tallafi ta gaskiya. Gidan da bai tura kowa ba, ko wanda kunya ta hana shi faɗin halin da yake ciki, ya bar wasu su yi magana a madadinsa. Akwai kuma wani tarko da ya shafi iyalan 'yan ci-rani kai tsaye: maƙwabta kan ɗauka cewa duk gidan da ke da ɗa a waje yana samun aike, alhali wataƙila ɗan ya shekara babu aikin yi, ko yana tsare a wata ƙasa. Idan ba a bayyana wannan a taron ba, ko gaban kwamitin ƙorafi kafin a rufe takarda, da wuya a gyara daga baya.

Wadata Talaka: ƙofar da ba ta buɗewa kullum

Ban da agajin damina, akwai tallafin kuɗi na dogon lokaci. Nijar ta soma shi a 2011 da kuɗin Bankin Duniya, bayan wani gwaji a jihohin Tawa da Tillaberi, inda ake ba gida jika 10 a wata. A 2019 aka shiga zango na biyu mai suna Wadata Talaka da dalar Amurka miliyan 80, aka ɗaga kuɗin zuwa jika 15 a wata har tsawon wata 24. Mata ne ke karɓa, kuma ana haɗa kuɗin da faɗakarwa kan renon yara da kafa asusun adashi.

A wannan tsari masu ƙidaya ne ke bi gida-gida suna tambaya kan yawan mutane, irin ginin gida, dabbobi da kayan da aka mallaka, sannan a jera gidajen gwargwadon ƙarfinsu. A zangon farko, da yake garuruwan da suka cancanta sun fi kuɗin da ke akwai yawa, har ƙuri'a aka riƙa jefawa a gaban hakimai domin fitar da waɗanda za su shiga.

Abin lura shi ne, idan an rufe rajistar wani rukuni, shekara biyu ake yi ana biyan mutanen da ke ciki. Gidan da masu ƙidaya suka tarar a rufe, saboda an tafi kasuwa ko biki ko aikin albasa a fadama, ya rasa abin da zai kai jika 360. Gwamnati ta kuma soma tattara irin waɗannan bayanai a kundin rajista guda na marasa ƙarfi, domin shirye-shirye daban-daban su riƙa ɗaukar sunaye daga wuri ɗaya. Hakan na ƙara wa ranar ƙidaya nauyi.

Kwana 60 na takardar haihuwa

Duk wani tallafi yana komawa ga tambaya ɗaya: wane ne kai, kuma mutum nawa kake ciyarwa? Dokar rajistar jama'a ta 2019 ta ba iyaye kwana 60 su bayyana haihuwa, kuma kyauta ne a cikin wannan wa'adi. Wa'adin ya shafi aure da mutuwa ma. Wanda ya bari ya wuce sai ya bi ta hannun alƙali ya samo hukuncin da zai maye gurbin takardar, ko ya jira zaman da alƙalai kan fita yi a ƙauyuka lokaci-lokaci.

Yaron da aka yi wa sakaci a kwana 60 na farkon rayuwarsa shi ne zai tsaya cirko-cirko ranar rajistar jarrabawar BEPC ko BAC. Shi ne kuma zai rasa abin haɗawa idan ya zo neman tallafin karatu a hukumar ANAB, wadda ke karɓar takardun sabbin ɗalibai na ɗan lokaci bayan fitowar sakamako.

Katin iyali ma haka. Wasu magidanta kan rage yawan mutanen gidansu a gaban masu rubutun haraji, sai ranar da aka ce za a yi rabo bisa yawan bakin da ke gida su ga cewa da hannunsu suka rage rabonsu. Matar da mijinta ke waje tana buƙatar katin shaida nata na kanta, tunda a shirye-shirye da dama ita za a kira, ba shi ba.

Abubuwan da ba sa jiran kalanda

Akwai taimakon da nemansa ba ya buƙatar taron gari. Tun 2006 doka ta ce a duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta a likitocin gwamnati, haka ma awon ciki da tiyatar haihuwa. A watan Agustan 2024 hukumomi sun sanar da rage kuɗin ganin likita da na gwaje-gwaje da rabi a asibitocin gwamnati, tare da mayar da haihuwa kyauta, daga 1 ga Satumba na shekarar. Ƙarancin magani a wasu wurare bai soke wannan haƙƙi ba. Yaron da ya soma ramewa, kai shi likita a makon farko ya fi jiran ranar da za a kwantar da shi.

Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina kuwa yana da nasa lokaci. Ana ba yara daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar sau ɗaya a wata, yawanci daga Yuli zuwa Oktoba. Madawa da Buza na cikin gundumomin farko da aka soma shi a 2013 tare da ƙungiyar likitoci ta MSF. Kowane zagaye kwanaki kaɗan ne, kuma kariyarsa ta kusan wata ɗaya ce, don haka yaron da ya tsallake zagaye ya zauna babu kariya a tsakiyar sauro.

Ambaliya ita ce ta fi buƙatar hanzari. A daminar 2024 ruwa ya kashe kusan mutum 400 a Nijar, ya shafi sama da miliyan ɗaya da rabi. A irin wannan hali ana ƙidayar waɗanda abin ya shafa ne a kwanakin farko, kuma da wannan jeri ake aika buhuna da tabarmi da gidan sauro. Wanda ɗakinsa ya faɗi ya kwashe iyali zuwa gidan dangi a wani gari ba tare da ya sanar da maigari ba, sau da yawa babu shi a lissafi. Hoto a wayar salula da rahoto a ranar da abin ya faru suna da amfani ƙwarai.

Darasin 2005 da na 2022

Gwamnati da masu ba da agaji su ma sun ɗanɗana kuɗar jinkiri. Fari da fara sun lalata daminar 2004, kuma an san da giɓin tun ƙarshen shekarar. Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi dala miliyan 16 a watan Mayun 2005, amma kuɗin ba su zo da wuri ba. An tsaya kan sayar da hatsi a farashi mai rahusa ga mutanen da ba su da ko na sayen, kuma rabon kyauta ga jama'a bai kankama ba sai a watan Agusta. Kafin nan iyalai da yawa sun sayar da awaki a wulaƙance, wasu sun jinginar da gonaki, cibiyoyin kula da tamowa a Keita da Tawa da Maraɗi sun cika da yara.

Bayan mummunar daminar 2021 an gwada wata hanya. An yi amfani da bayanan tauraron ɗan'adam wajen gano ƙananan hukumomin da fari ya fi taɓawa, aka soma biyan gidaje sama da dubu 15 tun watan Maris na 2022, watanni kafin lokacin da aka saba. Binciken da masana na Bankin Duniya da Jami'ar Oxford suka yi a kan gwajin ya nuna cewa kuɗin da aka bayar da wuri sun fi sauƙaƙa wa iyalai a watannin wuya, ko da yake bambancin bai ɗore ba bayan an wuce su. A shekarar ne aka ƙiyasta mutum miliyan 4.4 na buƙatar agajin abinci a ƙasar tsakanin Yuni da Agusta.

Shiga takarda ba tabbacin samu ba ne

Mabuƙata sun fi buhuna yawa a kowace shekara. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai sun rubuta yadda zaɓen gidaje ke haifar da zargi a garuruwan da kusan kowa ke ganin kansa talaka, da yadda wani lokaci ake tattara abin da aka bayar a sake rabawa bayan ma'aikata sun juya baya. Kuɗin waje ma ba su da tabbas. Bankin Duniya ya dakatar da sakin kuɗi na wani lokaci bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sannan a 2025 Amurka ta rufe hukumarta ta USAID, abin da ya rage ƙarfin ƙungiyoyin agaji a Sahel baki ɗaya. Tun watan Afrilun 2024 kuma shugabannin riƙo ne ke jan ragamar ƙananan hukumomi a madadin zaɓaɓɓun magadan gari, don haka wanda aka sani jiya ba lallai ne shi ke kan kujera yau ba.

Wannan ruɗani ne 'yan damfara ke amfani da shi. Saƙon WhatsApp ko Facebook da ke cewa a latsa wani adireshi a karɓi tallafin gwamnati, ko a tura kuɗin rajista, ba shi da alaƙa da yadda waɗannan shirye-shirye ke aiki. Ba a biyan ko dala domin shiga jerin mabuƙata.

Abin da na nesa zai iya yi

Ɗan ci-rani ba zai halarci taron gari ba, amma wayarsa na iya yin aiki tun kafin a shiga uku. A watan Oktoba, tambayar da ta dace ita ce dami nawa aka samu, wata nawa zai kai gidan, kuma ko an sanar da maigari idan an yi asara. Kafin ya kama hanya, ko a aikensa na farko, ya tabbatar matar gida na da katin shaida, yara na da takardar haihuwa, katin iyali kuma ya ƙunshi kowa.

Daga Janairu zuwa Mayu ya riƙa tambaya ko an yi shelar taro, ko baƙi masu ƙidaya sun shigo, ko an buɗe aikin gandari ko sayar da hatsin rahusa. Ya kuma sa a san wanda zai wakilci gidan idan an kira. Gidajen rediyon karkara da masu shela a kasuwa da masallatai su ne hanyoyin da irin wannan sanarwa ta fi bi.

Kuɗin da zai aiko a Yuli, da zai iya aiko da rabinsu a Nuwamba, lokacin da hatsi ke da araha, da sun sayi fiye da abin da za su saya a tsakiyar damina. Buhu biyu da aka ajiye tun kaka su ne ke riƙe gida idan sunansa bai fito ba, ko motar rabo ta makara a hanya saboda gulbi ya cika.

A Madawa da Buza da Keita, damina ce ke nuna wanda ke cikin takarda, amma tun kaka da rani ake rubuta ta.